Kwandon Malamar Sama

Kofin silba ne ya fara ɓata. Wani tsohon kofi ne mai lotsattsen gindi, wanda ko a bola ka gan shi ba za ka sunkuya ba, amma Inna ba ta shan ruwa a komai in ba shi ba. A naɗe cikin zane ta zo da shi, ranar da Auta ta ɗauko ta daga gidan Yaya.

Auta ita ce 'yar Inna ta ƙarshe, sunan kuma ya bi ta har yau, ga ta da miji da 'ya da farar rigar aiki a wani babban kantin magani. Ɗauko Inna bai zo mata da sauƙi ba. Yaya, babban wansu, sai da ya kafe kamar an dasa shi. Ya ce ke da kike wuni a wurin aiki, mijinki kullum yana kan hanya, wa zai zauna da ita? Auta ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ta yi fushi, har ya gaji.

"To, ki tafi da ita," in ji shi. "Amma ranar da na ga wani abu ya same ta, ko na ga ranta ba daɗi, da mota zan zo. Ba sai mun yi shawara ba."

Yaya kuwa ba ya maimaita magana. Ya kuma riga ya aiko cewa ƙarshen watan nan zai zo ya duba mahaifiyarsa.

Bayan kofin sai mataji ya bi, na katako, wanda haƙoransa biyu suka karye. Sai ƙaramin almakashin yanke farce. Sai wani madubi mai tsagin gefe da ke jingine a kan taga. Wata mace ba za ta ma lura ba. Amma aikin Auta kenan, sa ido a kan kaya. Tana shiga kantin magani da safe, kafin ta ajiye jaka idonta ya riga ya zagaye jerin kwalabe, in akwai gurbi ko na yatsa ɗaya ne sai ta gan shi, kuma sai wani ya yi bayani. Da wannan idon take shiga ɗakin Inna.

"Inna, ina kofinki?"

"Yana nan."

"Nan ina?"

"Inda yake mana. Ke kam Allah ya yi ki da tambaya, kamar 'yar sanda."

Inna ta faɗi haka tana kallon bango. A nan ne gaban Auta ya fara faɗuwa, don uwarta mace ce mai kallon mutum cikin ido ko da zaginsa za ta yi.

Ta zauna ta lissafa masu shiga gidan. Mijinta ya yi tafiya. Mai shara ba ta zuwa sai ranar da Auta take gida, kuma a gaban idonta take aiki. Sai Ɗigo, 'yar Auta guda ɗaya tilo, wadda aka sa wa wannan suna saboda ƙanƙantarta ranar da aka haife ta. Ɗigo ko leƙa ɗakin kakarta ba ta yi. Makarantarsu ta ce a riƙa yi wa yara Turanci zalla a gida don bakinsu ya faɗa, Auta kuwa ta ɗauki maganar da hannu biyu, ta kafa doka tun yarinyar na koyon magana. Sakamako ya yi kyau, Turancin Ɗigo kamar a rediyo. In an zauna cin abinci, uwa da 'ya su yi ta zuba, Inna tana gefe tana tauna a hankali, tana kallon bakin wannan tana kallon bakin waccan. Akwai ma ranar da Inna ta yi ƙarambani ta ce wa yarinyar, "Give me cup." Ɗigo ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, ta ruga kicin tana cewa a zo a ji kaka ta yar da kalma a hanya. Auta ma ta dara. Washegari har ta ba abokan aikinta labari, su ma suka dara.

Saura mutum ɗaya kenan, Malamar sama.

Tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, tana zaune ita kaɗai a hawa na sama na benen da su Auta suke. Doguwa, busasshiya, da tabarau mai igiya a wuya, da wata baƙar jaka da ba ta rabuwa da ita, ko ƙofar gida za ta leƙa. A kan matakala suka haɗu da Inna, daga gaisuwa sai zumunci. Da farko Auta ta ji daɗi, ta ce Inna ta sami abokiyar hira. Yanzu da ta sake duba lamarin, sai ta ga abubuwan da ba ta gani ba a da. Me ya sa matar nan ba ta saukowa sai bayan Auta ta fita aiki? Me ya sa in Auta ta dawo ta tarar da su, hira take mutuwa nan take, kamar an zuba wa wuta ruwa? Kuma wace irin jaka ce wannan da take ƙara kumbura?

Wata rana da yamma suka yi kiciɓis a bakin ƙofa, Malama na fitowa daga ɗakin Inna.

"Sannu da aiki, 'yata. An dawo lafiya?"

"Lafiya lau, Malama. Har za a tafi?"

"Eh, na bar tukunya a wuta."

Ta juya za ta hau matakala, jakar ta bugi ƙarfen riƙewa, wani abu a ciki ya ce ƙwal. Ƙarar ƙarfe ce. Auta ta bi bayanta da kallo har ta ɓace, tana murmushin da bai wuce leɓe ba. Tukunya a wuta, in ji ta. Mutum ya bar tukunya a wuta ya zo ya share wuni a gidan mutane.

Da ta shiga kicin ta ja aljihun cokula. Ƙaramin cokalin da Inna ke motsa shayi da shi babu.

A wurin aiki ta ɗan tsegunta wa abokiyar aikinta, ita kuwa dama neman inda za ta sauke labari take yi. Ta ce ai haka suke yi, su fara da ƙananan abubuwa su ga ko za a lura, in ba a lura ba sai su kai hannu ga manya. Ta ce tsofaffi ba su da wuyar sha'ani, ka yi musu hira kwana biyu sai su miƙa maka har ɗan kunnensu, kuma kunya ta hana su faɗa. Ta ce wata gwaggonta haka aka yi mata. Auta ta koma bayan teburin sayar da magani tana ƙirga ƙwayoyi tana ɓatawa, tana sake farawa.

Ta so ta tunkari Inna kai tsaye, sai ta tuna halinta. In ka matsa wa Inna, rufe baki take yi ta bar ka da bango. Ta so ta kira Yaya, sai ta tuna ai shi ne mutumin da bai kamata ya ji ba. Sai ta zuba ido kawai. Ta fara jin wani abu kuma. In ta wuce ta ƙofar ɗakin Inna da sassafe, sai ta ji tsohuwar tana 'yan ƙunƙuni ita kaɗai, gajeru gajeru, ba addu'a ba, ba waƙa ba. Tana tura ƙofa sai a yi tsit. Wannan ma Auta ta ɗora shi a kan Malama. Allah kaɗai ya san abin da matar nan take karanta wa uwarta.

Ana saura 'yan kwanaki Yaya ya zo, Auta ta kai wa Inna maganin hawan jininta da safe. Inna ta miƙo hannu, sai Auta ta ga wani farin zagaye a yatsanta, wurin da fata ba ta ga rana ba shekara da shekaru. Zoben azurfa ne a wurin a da, wanda mahaifinsu ya sa mata tun kafin a haifi Yaya. Ko wanka za ta yi ba ta cire shi. Ranar da aka kwantar da ita a asibiti ma sai da aka yi rigima da ita a kansa, aka haƙura.

"Inna, zoben Baba fa?"

"Ya matse ni ne, na cire."

"Kawo in ajiye miki."

"Na ajiye."

Auta ta fita zuciyarta na tafasa. Yaya in ya zo, durƙusawa yake yi ya kama hannun Inna da hannuwansa biyu ya gaishe ta. Kafin ya gama cewa ina kwana zai ga yatsan nan. Daga nan sai mota. Uwarta da ta yi yaƙi ta samu, wata busasshiyar mata mai jaka za ta raba su saboda kwaɗayin azurfa.

Ta je aiki, ta kasa. Da rana ta yi tsaka ta ce wa mai kantin kanta na ciwo, ta cire farar rigar ta kama hanya. Ta buɗe ƙofar gida a hankali. Ɗakin Inna ba kowa, takalmanta ma ba sa nan. Auta ta cire nata takalman ta riƙe a hannu, babbar mace da ita, ta hau matakala da sanɗa.

Ƙofar Malama a ɗan buɗe take saboda zafi. Muryar Malama ce ta fara fitowa, ba irin ta gaisuwa ba, wata murya ce mai kaushi, ta mai ba da umarni.

"A'a. Ba haka ba. Sake."

Inna ta yi wata magana ƙasa ƙasa.

"Na ce ba haka ba. Miƙo shi nan. Miƙo."

Auta ta leƙa ta tsagin ƙofa. Ta ga uwarta a kan kujerar roba, ta takure kamar mai laifi, tana miƙa hannu. Ta ga zoben ubanta ya sauka a tafin Malama. A kan tebur ga wani kwando an rufe shi da ƙyalle, hannun kofin silba ya leƙo ta gefe.

Ba ta san lokacin da ta banke ƙofar ba.

"Ajiye zoben nan," in ji ta. Muryarta ta fita har matakala. "Ajiye shi. Ba ki ji kunya ba? Da furfurarki, da tabaranki, ki rasa wanda za ki yi wa sata sai tsohuwar da ta ɗauke ki 'yar'uwa? Kofi, mataji, cokali, duk na yi shiru. Yanzu har zoben ubana?"

Ƙofar maƙwabta ta buɗe a bayanta, wani ya leƙo, ya koma, bai rufe ba.

Malama ba ta tashi ba. Ta ajiye zoben a kan tebur a hankali, ta cire tabaranta ta bar shi ya faɗa kan ƙirjinta. Ta dubi Inna, ba Auta ba.

"Ke za ki faɗa mata, ko ni?"

Inna ta sunkuyar da kai. Auta ba ta taɓa ganin uwarta da irin wannan fuskar ba, fuskar wadda aka buɗe wa ƙofa tana tsakiyar sa kaya.

"Nuna mata kawai," in ji Malama.

Inna ta tura hannu ƙarƙashin ƙyallen, ta laluba, ta zaro kofin. Ta ɗaga shi sama, ta gyara murya.

"A cup," in ji ta.

Ta ajiye shi a tsakiyar tebur, ta janye hannu, sannan ta nuna shi da yatsa.

"The cup."

Ta sake tura hannu ta zaro matajin. Wannan karon ta rikice, ta fara da kalma ta biyu maimakon ta farko, ta tsaya, ta ciji leɓe, ta gyara. Ta ajiye matajin kusa da kofin ba ta ƙara ba.

"Allo ba ya shigar mata," Malama ta ce, da muryar da babu fushi a ciki, abin da ya fi fushin ciwo. "Na gwada littafi, na gwada hoto, na gwada kayan ɗakina. In ta kwana ta tashi duk sun zube. Sai na lura abin da hannunta ya saba da shi ne kaɗai yake zama. Shi ya sa na ce ta riƙa kawo nata. In abu yana cikin kwando, ban san shi ba, ta zaro, kalma ɗaya ce. In ya fito fili, ni da ita duk mun san wanda ake nufi, ɗayar ce. Shi kenan abin da muke yi. Wani lokaci ni nake hawo mata da su a jaka, don gwiwarta."

"Wani kofi, da kofin," in ji Inna, har yanzu kanta a ƙasa. "Mu ma muna da shi. Su dai nasu a gaba suke sa shi, shi ne yake kuɓuce min."

Takalman Auta na nan a hannunta, ta rasa inda za ta sa su.

"To, amma Inna, me za ki yi da Turanci yanzu?"

"Sunayen abubuwa na riga na tsinta a bakinku," in ji Inna. "Na ɗauka sun isa. Ranar da na gwada, kin ji abin da ya faru. Kina kicin."

Auta ta tuna. Ta tuna har da yadda ta kwaikwayi muryar Inna a wurin aiki.

"Na ce ba zan sake buɗe baki a gaban yarinyar nan ba sai na iya 'yan ƙananan kalmomin da ta ce na yar. Zoben kuma ni na kawo. So nake in iya gaya mata wanda ya ba ni. Ba ta san shi ba, ko sunansa ba ta sani ba."

Malama ta tattara kofin da matajin ta mayar cikin kwandon. Ta ɗauki zoben ta kama hannun Inna ta zura mata shi da kanta. Ta rufe kwandon, ta ɗaure bakin ƙyallen, ta tura shi gefen tebur.

"Na koyar da 'ya'yan mutane har ƙafafuna suka gaji da tsayuwa," in ji ta. "An kira ni mai tsanani, an kira ni muguwa. Wannan sunan dai yau na fara jin sa. Ku duba kayanku kafin ku sauka, kada wani abu ya ɓata a hanya."

"Malama, don Allah, ni ban..."

"Ki ja min ƙofar in kin fita, 'yata."

Inna ta miƙe da ƙyar ta rungumi kwandon. Auta ta kai hannu za ta karɓa, Inna ta kauce. Haka suka sauka, tsohuwar a gaba tana dafa bango, tana sauke ƙafa ɗaya sannan ta jawo ɗayar, Auta a baya ba takalmi, ƙofofin maƙwabta suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya.

A gida Inna ba ta kwance kwandon ba. Ta ajiye shi a kan akwatinta, ta zauna a bakin gado. Auta ta durƙusa a gabanta, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Inna, ki yafe min. Zan koma in ba ta haƙuri, a gaban kowa in ta so. Kawo in mayar miki da kayan wurarensu."

"Bar su a nan."

"Ai gobe sai ki ci gaba da zuwa wurin Malama."

"Da wane ido zan sake hawa matakalar nan?" Inna ta juya zoben a yatsanta. "Ki bar su a ɗaure. Yayanki na zuwa, ba sai na sha wahalar tattarawa ba."

Abin da Auta ta yi ta gudu kenan, ga shi ya zo ta ƙofar da ba ta tsare ba.

"Inna, me na rage ki da shi?"

"Ba ki rage ni da komai ba. Ci, sha, magani a kan lokaci, Allah ya yi miki albarka. Sai dai tun da na zo gidan nan ban yi hira da jikata ba, ko sau ɗaya. Gidan yayanki hayaniya ce, 'ya'yansa ba su da ta ido. Amma in na zage su suna jin abin da na ce."

Ana cikin haka motar makaranta ta yi ƙaho a waje. Ɗigo ta shigo a guje, ta wurgar da jaka a falo, tana kiran uwarta, tana zuba labarin abin da ya faru a aji. Ta zo bakin ƙofar ɗakin ta tsaya turus, ganin uwarta a ƙasa.

Auta ta share fuska. Ta buɗe baki, Turanci ya zo mata kamar kullum, ta haɗiye shi.

"Zo nan," ta ce da Hausa. "Ɗauki kofin kakarki ki kawo mata ruwa."

Yarinyar ta dube ta, ta ɗan yi dariya, ta tambaya da Turanci me ta ce.

Auta ta maimaita, a hankali, kalma bayan kalma, kamar mai yi wa baƙo kwatance. Ɗigo ta kalli uwarta, ta kalli kakarta, dariyar ta gushe. Ba taurin kai take yi ba. Ba ta gane ba ne, ko kalma ɗaya.

Inna ce ta jawo kwandon. Ta kwance ƙullin, ta zaro kofin, ta miƙa wa yarinyar.

"The cup," in ji ta a hankali. Ta ɗan yi tunani. "Water."

Fuskar Ɗigo ta washe. Ta karɓa da gudu, aka ji ƙarar famfo a kicin, ta dawo tana tafe a hankali kada ya zube, ta miƙa da hannu biyu. Ba ta yi dariya ba wannan karon.

Inna ta sha, ta sa mata albarka da harshen da yarinyar ba ta ji. Sannan ta goge bakin kofin da gefen zaninta, ta mayar da shi cikin kwandon, ta sake ɗaure ƙyallen.